Tsohuwar Sienna da Rigimar Giyar Otomatik: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya ka shiga tashar Kano, Kaduna, Abuja ko Jos ba ka tarar da Toyota Sienna a layin lodi ba. A Amurka aka ƙera ta domin mai gida da iyalinsa da 'yan jakunkunansu. Sai da ta sha shekara goma ko fiye a can sannan ta iso mana, muka cika ta da fasinja da buhuna, muka sa ta a rana. Injinta yana da haƙuri, giyar ce ke fara gajiya. Amsoshin nan sun fi shafar samfuri biyu da suka fi yawa a hannun mutane: na 1998 zuwa 2003 mai giya huɗu, da na 2004 zuwa 2010 mai giya biyar.

Motata ta fara gardamar canza giya, bakanike ya ce giyabos (akwatin giya) ya mutu, a nemo tokumbo, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje. In yarda?

Kada ka yi saurin yarda, musamman idan a tsaye ya yanke hukuncin, bai zaro gejin mai ba, bai sa kwamfutar gwajin mota ba, bai kuma hau motar ya zaga da ita ba. Giyabos yana mutuwa, ba a musu. Amma kafin a kai ga nan akwai ƙananan abubuwa da yawa da ke kawo alamun da suka yi kama da mutuwarsa: mai ya yi ƙasa, an zuba man da ba nasa ba, matata ta toshe, soket ya saki, ɓera ya ci waya, sensa ta lalace, ko ma injin ne ba shi da lafiya giya take ɗaukar laifinsa.

Abin da ya sa haka shi ne giyar otomatik ba ita kaɗai ke yanke shawara ba. Burenbos, wato ƙwaƙwalwar lantarkin motar, shi ne ke karɓar labari daga sensoci: gudun mota, juyin injin, yadda ka taka totur, zafin ruwa. Daga nan ya tura wuta zuwa solanoyid, ƙananan bawul masu aiki da wuta, su kuma su buɗe wa mai hanya a cikin balbodi, wato farantin da ke ɗauke da hanyoyin mai, man ya je da ƙarfi ya matse faifan kuloci na giyar da ake so, waɗanda kanikawa ke kira faiba. Ko'ina aka sami tangarɗa a wannan jerin, abin da direba zai ji ɗaya ne: giya ba ta shiga daidai. Saboda haka a fara daga mai araha: mai, sannan kwamfuta, sannan wayoyi da injin, sannan a buɗe kaskon ƙasa a ga abin da ke ciki. Sauke giyabos shi ne na ƙarshe. Wanda ya fara da na ƙarshe, ko dai bai iya ba ne, ko yana da mai sayar da kaya da suke raba riba.

Yaya ake duba man giya? Na ga wasu suna zaro geji da safe mota a kashe.

Wannan dubawar baƙin man injin ce. Ta giya daban take. Ka tuƙa motar kamar minti goma sha biyar har man ya ɗumama, ka tsaya a wuri mai shimfiɗe, ka bar injin a kunne a silo. Ka taka birki ka bi giya ɗaya bayan ɗaya daga P har L, ka dawo P. Sannan ka zaro gejin, ka goge da tsumma mai tsabta marar zare, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyu na wajen da aka rubuta HOT.

Idan an duba mota a kashe, man da ya kamata ya kasance yana zagaye ya gangaro ƙasa, sai geji ya nuna ya cika alhali ya gaza. Yawansa ma illa ne: idan ya wuce alama, ƙarafan da ke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, mai kumfa kuwa ba ya matse faiba da ƙarfi.

Bayan yawa, ka duba launi, ka sansana. Sabon mai ja ne garau kamar zoɓo. Wanda ya sha aiki yana komawa ruwan ƙasa, wannan ba abin tashin hankali ba ne, lokacin canji ne ya yi. Baƙi mai ƙauri yana nufin faiba ta riga ta fara ƙonewa. Idan kuma ka ga ya zama ruwan hoda mai kauri, ya yi fari-fari, ruwa ne ya shiga, ka kashe mota a nan inda take.

Wane mai zan zuba? Mai shago ya ce duk jan mai ɗaya ne.

Launinsu ne ɗaya. Samfurin 1998 zuwa 2003 Dexron III yake sha. Na 2004 zuwa 2006 Toyota T-IV. Na 2007 zuwa 2010 kuwa WS, wanda ya fi su tsinkewa. Sau da yawa an buga sunan man a jikin gejin ko a kansa, ka karanta da idonka. Kowane giyabos an tsara faibarsa da lokacin kamawarta bisa santsin wani mai takamaimai. In ka zuba wani daban, motar za ta tafi a ranar, har ka yi wa mai shago godiya. Bayan 'yan watanni sai fizga ta fara, ko karkarwa, ba kuma wanda zai tuna da man da aka zuba.

Jabu ya cika kasuwa, a cikin galan mai tambarin Toyota sak. Arahar da ta yi yawa alama ce. Ka saya a wurin da za ka iya komawa ka yi magana, ka tsaya a buɗe galan a gabanka. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ya shiga giyarka.

An ce idan mota ta tsufa ba a canza mata man giya, wai da an canza giyar take mutuwa. Gaskiya ne?

Akwai abin da ya haifar da maganar. Mafi yawan mutane ba sa tuna man giya sai giyar ta fara zamewa. A lokacin faiba ta cinye, garinta ya narke a cikin tsohon man ya ba shi kauri, shi ne ɗan abin da ya rage yana riƙe ta. Aka zubar da shi aka sa sabo, sai ciwon ya fito fili, aka ce sabon mai ne ya kashe ta. Giyar da ke da lafiya, sabon mai na daidai ba ya yi mata komai sai alheri.

Hanya mai sauƙi ita ce a kwance noti a tsiyaye, a auna abin da ya fito, a mayar da daidai shi. Abin da ke fitowa lita uku da rabi ne zuwa huɗu, alhali giyabos ɗin mai giya biyar yana ɗauke da sama da lita takwas, sauran yana maƙale a kwanbata (abin da ke miƙa wa giya juyin injin) da bututun sanyaya. Don haka idan man ya yi duhu sosai, a canza, a yi tafiyar mako ɗaya ko biyu, a sake. Ban goyi bayan a sa wa tsohuwar mota injin da ke tura mai da ƙarfi don wanke ciki ba, yana tayar da dattin da ya kwanta ya kai shi cikin ƙananan hanyoyin balbodi. Masu wanke cikin giya da fetur ko kananzir kuwa, Allah ya shirye su.

Ga motar haya da ke hanya kullum da lodi, ni a ganina kada a wuce kilomita 40,000 zuwa 50,000 ba a canza ba. A tuna kuma agogon Sienna da ta fito daga Amurka mil yake ƙirgawa, ba kilomita ba. Idan ka ga 100,000 a allo, motar ta yi tafiyar kilomita 160,000 ke nan.

Idan na sa D ko ribas sai na jira kafin ta kama.

Ka ƙirga. Mota ta ɗumama, ƙafa a kan birki, ka ja daga N zuwa D. A ma'aunin Toyota bai kamata ya wuce daƙiƙa 1.2 ba, ribas kuma daƙiƙa 1.5. Idan kana kaiwa daƙiƙa uku ko huɗu, matsin mai ne ya yi rauni: ko mai ya gaza, ko matata ta fara toshewa, ko robobin ciki sun bushe suna yoyo. Wadda ke yi da safe kawai ta daina in ta ɗumama tana da sauran kwana. Wadda ke ƙaruwa in ta yi zafi ta fi nuna lalacewar ciki.

Abu ɗaya da za ka kiyaye: kada ka taka totur kana jiran ta kama. Lokacin da za ta kama injin na sama, bugun da za ta yi ya fi jinkirin ɓarna.

Ba ta shiga giyar ƙarshe, musamman da sanyin safiya. A kan babban titi injin sai kuka yake, tana kuma shan fetur sosai.

Nan ne aka fi sayen giyabos a banza. Toyota ta tsara burenbos ya hana mota shiga giyar ƙarshe har sai ruwan injin ya kai wajen digiri 60. To mu kuma al'adar garejinmu ita ce da mota ta sauka daga Kwatano ko Legas, a cire mata tamostat, mai daidaita zafin ruwan injin, a jefar, wai na ƙasar sanyi ne, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayarwa har kashewa. Da rana a cikin cunkoso ba za ka ga illar ba. Amma ka tashi da asuba a cikin hunturu ka hau hanyar Zariya, iska mai sanyi na dukan lagireto, ruwan ba zai taɓa kai zafin da ake so ba. Burenbos yana ganin injin bai gama ɗumama ba, sai ya riƙe giyar, ya kuma ƙara wa injin fetur. Ka kalli allurar zafi: idan tana kwance a ƙasa kana gudu, ka sami mai laifi. A mayar da tamostat, a mayar da fanka kan tsarinta. Sensar zafin ruwa da ta lalace ita ma haka take yi.

Na biyu, a injin 3.0 na samfurin farko, idan sensar da ke jin ƙwanƙwasar injin ta mutu ko wayarta ta ƙone, burenbos yana hana giya ta huɗu. Kwamfuta za ta nuna P0325 ko P0330. Sensocin suna can tsakiyar injin a ƙarƙashin manifol (bututun da ke raba wa injin iska), zafi yana gasa wayarsu har ta bushe ta karye. Aikin yana da ɗan wahala don sai an ɗaga manifol, amma bai kai ko kusa da kuɗin giyabos ba.

Na uku, abin dariya ne amma yana faruwa. Samfurin farko yana da ɗan maɓalli a jikin sandar giya, idan an danna shi wutar O/D OFF ta kama a allo, motar ba za ta wuce giya ta uku ba. A na 2004 zuwa sama kuma sandar na iya gocewa daga D ta koma 4. Ka duba waɗannan kafin ka kira kowa.

Ta maƙale a giya ɗaya. Tashi da nauyi, ba ta hawa ba ta sauka, ga wutar cek injin.

Burenbos ne ya ga abin da bai gane ba a ɓangaren wuta, sai ya ajiye motar a giya guda, galibi ta uku, don ka lallaɓa ka kai gareji. A samfurin farko wani lokaci wutar O/D OFF takan riƙa ƙyaftawa. Wannan matsalar ta mai gyaran wayoyin mota ce kafin ta zama ta mai gyaran giya.

A sa kwamfuta. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Lambobin da aka fi gani: P0500 gudun mota, P0715 da P0717 sensar juyin da ke shiga giya, P0705 makunnin da ke gaya wa burenbos inda sandar giya take, P0750 da P0755 da 'yan'uwansu na solanoyid, P0741 kamun kwanbata.

Lamba ba ta ce a sayi kaya ba, hanya ta nuna. P0750 na iya zama solanoyid ɗin, na iya zama wayarsa, na iya zama soket ɗin jikin giyabos da mai ko ruwan wankin injin ya shiga. A auna da mita kafin a saya. A duba batir da wayar at (wadda ke haɗa batir da jikin mota) ma, domin wutar da ba ta tsaya daidai ba tana rikita burenbos ya riƙa kawo lambobi barkatai. Wanda kuma zai goge lambar ya karɓi kuɗinka ya ce an gyara, bai gyara komai ba. A rubuta lambar tukun, a goge, a zaga, a ga wadda ta dawo.

Tana buga ni "gum" idan na sa giya, ko tana fizga in za ta canza.

Ka fara da injin sitin, wato robobin da injin ke zaune a kai. Buɗe bonet, wani ya taka birki da ƙarfi ya riƙa sa D da R, kai kana gefe (ba gaban mota ba) kana kallo. Idan injin yana tsalle, robar ta yage, bugun da kake ji ke nan. Silo da ya yi sama shi ma yana sa ta kama da ƙarfi, haka shaf da ya yi lako-lako.

In ba su ba ne, a duba bakin totur da sensar iska da ke bayan matatar iska. Ƙurar hunturu tana rufe su, burenbos ya kasa sanin nauyin da injin ke ɗauke da shi, ya ba giya matsin da bai dace ba. Samfurin farko kuma yana da kebur da ya tashi daga totur ya shiga giyabos, shi ke daidaita matsin mai. Idan wani ya taɓa shi ya ɗaure da yawa, giya ta riƙa bugu. Idan ya saki, ta riƙa zamewa, wannan kuwa ya fi haɗari.

Akwai wani hali da aka san na 2004 zuwa 2006 da shi tun suna sababbi: ka rage gudu a kwana ko a kan tudun rage gudu, ka sake taka totur, sai ta yi ɗan shiru kafin ta fizga. Toturinsu na wuta ne, ba kebur, tsarin burenbos ɗin ne haka. Idan iyakarta ke nan, mai yana da kyau, ba lamba, ka koyi taka ta a hankali ka bar giyabos ɗinka ya huta.

Allurar injin tana tashi amma motar ba ta ƙara gudu.

Wannan ita ce zamewa, ita ce kuma alamar da ba a wasa da ita. Duk daƙiƙar da faiba ke gurzar ƙarfe ba ta kama ba, cinyewa take. Idan mai ne ya gaza, a cika, a nemo inda yake yoyo: silin shaf, gaskit ɗin kasko, tiyon da ke zuwa lagireto, ko silin gaba tsakanin injin da giya. Idan mai ya cika kuma baƙi ne mai ƙauri, a sauke kasko. A cikinsa akwai maganaɗisu. Laushin toka-toka da ya manne musu ba komai ba ne, kowace giya tana yi. Baƙin gari mai yawa faiba ce. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da za ka ji a yatsa yana nufin wani abu ya fara karyewa, a nan kam bakaniken da ya ce a sauke ya yi gaskiya.

Kada a rikita zamewa da rashin ƙarfin injin. Idan salansa ta toshe ko famfon fetur ya gaji, za ka taka totur sosai, giya ta sauko ƙasa, injin ya yi ƙara, mota ba ta ja. Bambancin shi ne a zamewa allurar tana tashi fuu ba tare da nauyi ba, a toshewa kuwa da ƙyar take hawa.

Da safe lafiya lau. In ta yi zafi sai ta daina tafiya, in na kashe na ɗan huta ta sake tafiya kaɗan.

Matata ce ta toshe, mafi yawan lokuta. Famfo yana zuƙo mai, datti ya taru ya rufe bakin matatar, mai ya yanke. Da ka kashe, dattin ya saki ya kwanta, ka tayar ta sake tafiya har ya sake taruwa. Wani lokaci za ka ji kukan famfon, siriri, yana bin juyin injin. A canza matata da mai. Sai dai a tambayi daga ina dattin ya fito. Idan gam ne da wani ya lafta wa kasko maimakon gaskit ya tsinke ya faɗa ciki, ka tsira. Idan garin faiba ne, sabuwar matata kwana kaɗan za ta saya maka.

Tana karkarwa a gudu tsaka-tsaki, wajen kilomita 60 zuwa 80 a awa, in na taka totur kaɗan.

Akwai kuloci a cikin kwanbata da ke kamawa in mota ta daidaita a hanya don rage shan mai. Idan man giya ya gaji ko ba nasa ba ne, sai ya riƙa kamawa yana saki. Gwaji: tana cikin karkarwar, kada ka ɗaga ƙafar totur, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu daidai yadda wutar birki za ta kama. Burenbos zai saki kulocin. Idan karkarwar ta ɗauke nan take, kwanbata ce, kuma canjin mai sau da yawa yana magance ta. Idan ta ci gaba, a koma kan fulogi, kwayil, taya ko shaf.

Me ya haɗa lagireto da giya?

Man giya yana fita ta tiyo ya ratsa wani bututu a cikin lagireto ya huce, sannan ya dawo. Zafi shi ne babban abin da ke kashe giyar otomatik. Man yana son zama wajen digiri 80. Idan ya riƙa haura 120 yana ƙonewa, robobi su bushe, faiba ta yi santsi. Ka haɗa lodin da ya wuce ƙima da zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda inuwa ma ke wuce digiri 40, ka ga abin da man ke sha.

Ɓarna biyu ake yi a nan. Ta farko, zuba ruwan rijiya ko na leda a lagireto shekara da shekaru. Tsatsa ta ci bututun, ya huje, ruwa da mai su gauraya. Ruwa yana ɓanɓare faiba daga jikin ƙarfenta, don haka giyar da ta sha ruwa ta yi tafiya da shi da wuya ta tsira ko an canza mai sau nawa. Haka ma in an kutsa cikin ambaliya da damina, ruwa yana shiga ta hancin da giyabos ke shaƙar iska. Ta biyu, a canza lagireto a sa wanda ba shi da bututun man giya, a haɗe tiyo biyun da juna a ce ba komai. Motar za ta tafi, man kuwa ba inda zai huce. Duk wanda ya sayi Sienna a hannu ya leƙa ya ga inda tiyon nan biyu suka nufa.

Ga mai motar haya, ƙara ƙaramin lagireton mai a gaba, bayan na asali, yana cikin kuɗi mafi amfani da zai kashe wa motar.

Sandar giya ta ƙi fita daga P. Wani lokaci kuma mota ba ta tashi sai na sa N.

Ta farko, ka sa wani ya duba ko wutar birki tana kamawa. Idan ba ta kamawa, fis ne ko makunnin da ke saman fedar birki, shi ne ke ba sandar izinin fita. In kuma a gangara ka ajiye ta ba ka taka birkin ajiya ba, nauyin motar ne ya danne ɗan ƙarfen da ke riƙe P, a ɗan tura ta sama ta saki. Nan gaba ka fara taka birkin ajiya kafin ka sa P. Ta biyu kuwa makunnin jikin giyabos ne ya goce ko ya yi datti, ko robar kan kebur ɗin sandar ta cinye. Duka ƙananan ayyuka ne.

Sa mota a firi (N) a gangara yana rage shan mai? Kuma in ta mutu a hanya zan iya ja da igiya?

Firi ba ya rage komai a waɗannan motoci. Idan ka ɗaga ƙafa tana cikin giya a gangara, burenbos da kansa yana yanke fetur, a firi kuwa dole ya ba injin mai don kada ya mutu. Ga shi ka bar wa birki shi kaɗai nauyin mota da mutane. A wuri irin Hawan Kibo, ka sauko da sandar zuwa 3 ko 2 injin ya taya ka riƙewa. A hawa ma, idan ka ji tana kai da komo tsakanin giya biyu, ka tsayar da ita a ta ƙasa.

Ja da igiya kuwa, famfon man giya da injin yake juyawa. Injin a kashe, tayoyi na juya kayan ciki ba mai. Matsar da ita daga tsakiyar titi ba laifi. Daga wani gari zuwa wani, a ɗaga tayoyin gaba ko a ɗora ta kan janwe, mai jan ƙafa huɗu kuma sai dai a ɗora ta gaba ɗaya. Turi don ta tashi ba ya aiki, ku huta da wahala ku nemo batir.

Sharon nake da ita, wani abokina kuma Odyssey. Duk haka ne?

Tsarin bincike ɗaya ne, mai da wurin dubawa ne suka bambanta. Sharon ta Volkswagen da 'yar'uwarta Ford Galaxy masu otomatik ba su da geji, ta noti ake duba mai daga ƙasa, a wani zafi takamaimai. Honda Odyssey ta 1999 zuwa 2004 an san giyarta da rauni tun a Amurka, kuma man Honda take so, Z1 ko DW-1 da ya maye gurbinsa.

An tabbatar ciki ya lalace. In gyara nawa ko in sayi tokumbo?

Ya danganta da hannun da ke kusa da kai. Idan akwai mai giya na gaske, mai wurin aiki da ba ƙasa, mai ma'aunin matsin mai, wanda zai canza faiba da robobi da matata gaba ɗaya ya wanke balbodi, gyara ya fi, don ka san abin da ke ciki. Idan wanda zai baje kayan a kan kwali a gindin bishiya ne iska na kaɗa yashi, ya canza faibar da ta ƙone kaɗai, tokumbo ya fi maka kwanciyar hankali.

In za ka shiga kasuwar kayan mota, irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Fanteka a Kaduna ko Apo a Abuja, ka tafi da bakanikenka da bayanin motarka. Mai giya biyar mai jan gaba U151E ne, mai jan ƙafa huɗu U151F, ba sa musanya. Irin wannan giyabos yana jikin Camry mai silinda shida da Highlander da Lexus RX330, a ido kamar ɗaya, amma lissafin haƙoran ciki da soket na iya bambanta, sai a ɗaura burenbos ya ƙi amincewa da shi. Ka nemi na Sienna, na shekarun motarka. Ka duba kan notuna ko an taɓa kwance su, ka duba ko an shafa gam a haɗin jiki, ka sa a buɗe kasko a gabanka. Wanda aka wanke ya yi fes fiye da 'yan'uwansa, ka tambayi dalili. A rubuta maka a rasit kwanakin gwaji da sharaɗin canji.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin. A wanke tiyo da bututun lagireto, domin garin tsohon giyabos yana nan a ciki yana jiran sabon, idan kuma ruwa ne ya kashe na farkon a canza lagireton ɗungurungum. A sa sabon silin gaba da na shaf tun yana ƙasa. A tabbatar kwanbata ta zauna har ƙarshe a cikin famfo kafin a haɗa da injin, kada a ja giyabos da noti don ya matso, haka ake fasa famfo tun mota ba ta tashi ba. A zuba man da ya dace. A samfurin 2004 zuwa sama, a sa kwamfuta a goge abin da burenbos ya saba da shi na tsohuwar giya, sannan a zaga da motar ba lodi, a bi giya ɗaya bayan ɗaya a hankali, a dawo a sake duba mai da zafinsa kafin a kai ta layi.